Mujallun da Hajiya ta hana ni taɓawa

Ina farawa da sunan Allah, wanda ya ba mu ido, ya kuma ba mu abin da za mu kalla da shi.

Shekarar da yanar ido ta rufe wa matata gani, muna zaune a unguwar Utaibiyya a Makka, cikin ɗakuna biyun da muka tsufa a ciki. Ni tela ne, amma kafin in san keken ɗinki allo na sani da alƙalamin kara, kuma har yau idan zan rubuta awon riga da ajami nake rubutawa. Matata kuwa kowa a layinmu Hajiya yake kiranta, ni ma haka nake kiranta. Abin ya fara mata ne da kasa zura zare a allura, sannan ta daina gane mai sallama sai ya yi magana, daga baya zuwa Harami ma ya zama sai 'yarmu ta zo daga unguwar Zahir ta riƙe mata hannu. Likita ya duba ya ce aikin ba mai wuya ba ne, a yini ɗaya ake yi a koma gida. Sai dai ba kyauta ake yi ba, abin da ke hannunmu kuma bai kai ba. Muka dawo gida muna cewa Allah zai kawo hanya, ba mu san ta inda za ta ɓullo ba.

Sai na ɗan koma baya kafin in faɗi yadda ta ɓullo.

Farkon zuwanmu Makka, Hajiya tana yin wanki da guga a gidan wasu Larabawa a Rusaifa. Da 'ya'yan gidan suka girma, uwar gidan ta share ɗakin ajiya, ta fito da tarin mujallun yara, irin waɗanda labarinsu da zane ake ba da shi, a zana mutum a zana ƙawanya kusa da bakinsa a rubuta maganarsa a ciki. Ta ce da Hajiya ta kai su shara. Hajiya ta duba ta ga rubutun Larabci ne daga bango zuwa bango. Mu kuma inda muka tashi, takarda mai baƙaƙen Larabci ba ta zuwa juji. In ka tsince ta a hanya sai ka cusa ta a tsagar katanga, in sun taru a ƙona a binne tokar a wuri mai tsabta. Don haka ta zuba su a buhun shinkafa ta ɗauko a ka, sawu huɗu, har gida.

Ba ta iya karanta Larabci ba, amma ta san siffar bisimilla kamar yadda ta san fuskar 'yarta. Ta shimfiɗa tabarma ta bi mujallun ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta ga bisimilla a shafinta na farko, ko aya a cikin zane mai ado, sai ta ware ta gefe. Guda goma sha ɗaya ta samu. Ta naɗe su a ragowar farin haramina, ta sa a akwatin kwano, ta ɗora a saman kabad kusa da Alƙur'ani.

Na gaya mata gaskiya a lokacin. Na ce mata waɗannan ba littattafan addini ba ne, labarin kyanwa ne da ɓarawo, da wani mai ƙiba da kullum yake faɗawa rijiya. Ta ce ita ba ruwanta da kyanwa, ta ga sunan Allah. Na nemi in karanta su kawai in mayar, ta ce ta san hannuna, ba na ganin farar takarda in bar ta. Ba ta yi ƙarya ba.

Sauran, waɗanda suka fi ɗari, suka zama nawa. Bayan La'asar in na tashi daga keke sai in karanta musu, ita da 'yarmu tana ƙarama. A nan na koyi rabin Larabcin kasuwa da na iya. Kuma don kada in manta, duk maganar da na gane sai in rubuta Hausarta da ajami a gefen shafi, da tawada baƙa, inda kuma aka yi abin dariya in ɗiga ja. Da suka fara yagewa, sai na yi musu gatan da na ga malaminmu yana yi wa littattafansa. Na cire 'yan ƙarafunan da ke riƙe da tsakiyarsu, na ɓare bangayen da suka yi datti na ƙona, na jera su ashirin ashirin na ɗinke da zare mai kauri, na sa almakashina na daidaita bakinsu tsaf. Sannan na samu jar fata wajen alhazan da suka zo daga gida na yi musu bango. Littafi shida suka tashi. Duk baƙon da ya zo sai na nuna masa.

To, bayan mun dawo daga wajen likita da kamar wata ɗaya, 'yarmu ta shigo da waya a hannu. Ita a nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta sai ta lallaɓa. Ta ce ta ga mutane suna neman tsofaffin mujallun nan ido rufe, har ta yi magana da wani likitan haƙori a Jidda da ke tara su, ya ce zai zo ranar Asabar. Na goge littattafaina shida da mai. Na ce da Hajiya ta kwantar da hankalinta, idonta ya buɗe in Allah ya so.

Mutumin ya zo bayan La'asar, dattijo mai fara'a, zai yi shekara hamsin da wani abu. Muka ba shi gahawa da dabino. Ya ba mu labari cewa yana yaro yana da irinsu cike da kwali, ya tafi karatu ya dawo ya tarar mahaifiyarsa ta zubar. Tun daga nan yake bin su ɗaya ɗaya. Na ɗauko littattafaina na jera a gabansa, na koma na zauna ina jira.

Ya buɗe na farko. Ya shafa bakin takardun inda na yanke. Ya leƙa tsakiya ya ga zare. Ya juya neman bangon asali bai gani ba.

"Ya ammi, wa ya yi wannan aikin?"

Na ce ni ne, da hannuna.

Sannan ya yaba ɗinkin, ya ce ko shekara ɗari ba zai kwance ba. Daga nan cikin ladabi ya shiga yi mini bayani. Ya ce masu tara mujallun nan ba labarin suke saye ba, labarin kowa ya san shi. Abin da suke nema shi ne mujalla yadda ta fito daga maɗaba'a, da bangonta, da ƙarafunanta na asali, gefenta ba a rage ko ƙwayar gero ba, ba rubutun kowa a ciki. Ya ce bango kaɗai shi ne rabin darajarta. Wadda aka gyara, komai kyan gyaran, ta faɗi. Wato duk gatan da na yi musu, a wajen masu wannan harka ɓarna ce.

'Yarmu ta juya za ta fassara wa uwarta. Hajiya ta ɗaga hannu.

"Bar shi, na ji. Cewa ya yi babanki ya yi musu askin ƙwal-kwabo."

Na ce, "Hajiya, ke ce fa kike cewa sun yi kyau."

"Sun yi kyau mana, Malam. Kai ma in an yi maka aski kana yin kyau, amma ba mai sayenka."

Baƙon ba ya jin Hausa, amma ya ga 'yarmu ta rufe baki da mayafi, shi ma ya yi dariya. Ni ma na yi, ko da yake na riga na sa rai, na kuma sa mata rai.

Yana shirin tashi ne 'yarmu ta ɗaga kai ta kalli saman kabad. Ta ce, "Umma, akwatin can fa?"

Hajiya ta ce wannan ba ya cikin magana. 'Yarmu ta roƙe ta a bar mutumin ya gani kawai, tunda ya taso daga Jidda. Da ƙyar ta yarda, amma ta ce a tambaye shi ko yana da alwala. Aka tambaye shi. Bai yi mamaki ba, ya ce tun ta La'asar ba ta karye ba, amma zai sake wanke hannu saboda dabino. Da ya dawo sai ya ciro farar safar hannu daga aljihu ya sa. 'Yarmu ta gaya wa uwarta, Hajiya ta gyaɗa kai ta ce wannan ya san abin da yake yi.

Na sauko da akwatin na kwance haramin. Rabona da ganinsu tun ranar da aka naɗe su. Launinsu na nan kamar jiya aka buga, ja ja ne, shuɗi shuɗi ne. Mutumin ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ya buɗe a hankali, sai na ga ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ita ce fitowa ta ɗaya. Shi ya sa aka buɗe ta da babbar bisimilla, shi ya sa kuma Hajiya ta ware ta. Ya ce fitowar farko ba a buga ta da yawa, don masu bugawa ba su san ko za ta karɓu ba, waɗanda aka buga kuma yara sun cinye su da hannu mai maiƙo. Sauran goman yawancinsu na watan azumi ne. A tsakiyar kowace akwai kyautar babbar takarda mai lokutan sahur da buɗa baki, wadda kowane yaro ke fizgewa ya manna a bango tun ranar farko. Na Hajiya suna nan a maƙale. A shafin ƙarshe akwai ɗan gurbin gasa da ake yankewa a aika, shi ma ba a taɓa ba. Ya ce a shekarun da ya yi yana nema, fitowa ta ɗaya sau biyu ya taɓa gani, ɗaya ba bango, ɗaya zafi ya mayar da ita kamar ganyen shayi. Ya ƙara da cewa yaran da suka karanta su yanzu su ne masu furfura da abin hannu, kowa yana son ya sake riƙe abin da ya riƙe yana ɗan shekara tara, mujallun kuma kullum raguwa suke yi. Abin da ya ce zai bayar ya isa aikin ido biyu har da magani.

Hajiya ta ce ba za ta sayar ba.

Na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya. Na tuna mata cewa Alƙur'ani ma ana sayar da shi a shago, ba wanda ya ce haramun ne. Ta ce ba haramci take magana ba. Ta ce daga bakin shara ta ƙwato su, shekara da shekaru tana share musu ƙura ta bayan akwati, ba za ta miƙa su inda za a ajiye su a ƙasa ana tsallakawa ba, ko da za ta ƙare rayuwarta tana lalube. Na san ta, in ta faɗi magana da wannan muryar ba gardama ke juya ta ba.

Ita da kanta ta juya wajen baƙon, da Larabcinta na gidan aiki, ta shiga yi masa tambayoyi kamar mai ba da riƙon 'ya. A ina zai ajiye su? Ɗakin yana jingine da banɗaki? Yana da jikoki masu ɓarna? In ya mutu wa zai gaje su, kuma shi magajin ya san darajar sunan Allah? Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, bai ƙosa ba. Ya buɗe wayarsa ya nuna hoton ɗakin, ya miƙa mata, sai ya tuna ba ta gani, ya ji kunya. 'Yarmu ta karɓa ta riƙa faɗa mata abin da ke ciki: kabad mai gilashi, kowace mujalla a cikin rigarta ta leda, labule a rufe don rana, na'urar sanyi tana aiki dare da rana.

"Takardu ake kunna wa sanyi?" in ji Hajiya. "Mu nan sai an yi baƙo."

Mutumin ya ce, "Ya khala, in an buɗe idonki ki zo ki duba da kanki. In ba ki gamsu ba ki ɗauko kayanki."

Ta murza carbi. Sannan ta kafa sharaɗi biyu: a ɗora su a hawa na can sama, kada a sa komai a kansu, kuma su tafi a cikin haraminsu. Ya ce ya karɓa. Ta sa hannu ta lalubo ƙyallen ta ɗaure da kanta. Littattafaina shida kuwa ya nemi izini ya ɗauki hoton wasu shafuka, ya ce bai taɓa ganin kyanwar nan tana magana da wani harshe ba, ya bar mini abina.

Aka yi aikin idon dama da farko, na hagu bayan 'yan makonni. Ranar da aka cire mata auduga daga na farkon muka dawo gida da hantsi, ina riƙe da hannunta bisa sabo, sai ta zare hannun ta shiga gaba. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana juyawa. Ta kalle ni ta ce ashe gemuna ya yi fari fat ba wanda ya gaya mata. Sannan ta kalli bango, daga ƙasa har sama, ta tambaye ni ko haka muka karɓi likitan Jidda a cikin wannan dattin. Na ce haka muka karɓe shi. Washegari bayan na dawo daga masallaci na biya kasuwa na sayo fenti, ta zauna a kan kujera tana nuna mini duk inda na tsallake.