Kalmomin Iya Ta-Ingilishi

Gidanmu shi ne na ƙarshe a ƙauyen, daga shi sai gonakin hatsi da hanyar amalanke mai zuwa Bande. Mu biyu ne a ciki, ni da kakata Iya Hassu. Uwata ta rasu ina ƙarami, ubana kuma ya tafi ci-rani, sai dai saƙon gaisuwa. Da an yi sallar magariba Iya za ta tara kara ta hura wuta a tsakar gida, mu ci tuwo, sannan ta gyara zama. Yaran unguwa ba sa zuwa, don haka duk tatsuniyar da ta yi ni kaɗai take yi wa.

Mutanen garin suna kiranta Ta-Ingilishi, don ta yi zaman aure shekaru da yawa a tsallaken iyaka, ƙasar da bokonta na Ingilishi ne, sai da mijinta ya mutu ta dawo. Bakinta ya dawo da wasu kalmomi da ba namu ba. Mu mu ce kiriyo, ita ta ce fensir. Mu ce shofer, ta ce direba. In ta yi magana a bakin rijiya mata su kwaikwaye ta suna dariya, har ta rage fita. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na sha jin kunyar bakinta.

Shekarar da nake ajin ƙarshe a kolejin Bande, Ingilishi ne ya tsaya mini a wuya. Mushe, kamar yadda muke kiran malami, ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye: in na ci jarrabawa sai lise, wato babbar sakandare, a Magariya, in na faɗi in koma gona. Kullum yana ba mu kalmomi mu haddace, ni kuwa kafin in iso gida sun zube a hanya. Wata rana ya ce mu daina karatu a zuci, mu riƙa faɗa da ƙarfi. Da yamma na buɗe kayena, wato littafin rubutuna, kusa da wuta ina ta fama, sai Iya ta ɗago kai.

"Maigida, sake faɗin wannan."

Na sake.

"Ai bokiti ne. Shi ne kake murɗe baki haka kamar mai ciwon haƙori?"

Na duba ma'anar da na rubuta, guga ne kuwa. Na karanta ta gaba, ta ce tocila. Wata kuma ta ce asibiti. Ashe abin da ake yi mata dariya a kansa shi nake tafiya Bande nema a ƙafa. Daga ranar muka shiga farauta, tana tuno kalmomin can ina rubutawa, da safe in kai wa Mushe ya tace. Ba kullum muke dacewa ba. Ta rantse cokali ma Ingilishi ne, na je na faɗa a aji, aka yi mini dariya har da buga tebur. Da na ba ta labari cewa ta yi, to Turawa ne ba su sani ba.

Ana saura kwanaki kaɗan jarrabawa ta ce in rufe kaye.

"Ga wata nan tafe, ka ba ta wurin zama."

Wai wata kurciya ce ta bi mijinta ƙasar zabi, a hayin kogi, har ta iya kukansu. Da ya mutu ta dawo gida, kurciyoyi suka ce muryarta ta lalace. Sai ta yi shiru, ta ɓoye kukan zabi a maƙoshinta. Akwai ɗan tsako ɗaya da ke kwana a reshenta, yana son ƙetare kogin, amma mai jirgi ba ya ɗaukar wanda bai iya kukan zabi ba. Sai ta riƙa ba shi a baki, ɗaya bayan ɗaya, kamar ƙwayar gero, har ya iya. Ya shiga jirgi ya haye.

"Ita kurciyar fa?" na tambaya.

"Ta koma reshenta mana. Tashi ka yi isha'i."

A raina na ce na girmi wannan tatsuniya. Na ci jarrabawa, na tafi Magariya da murna, ko waiwaye ban yi sosai ba.

Yau ni ne Mushe, ina koyar da Ingilishi a wajen Dungas. Aikin farko da nake ba ɗalibaina shi ne su je su saurari tsofaffi da 'yan kasuwa masu ƙetare iyaka, su kawo mini kalmomi. Suna kawowa da yawa, kuma abin da suka tsinto da kansu ba ya zube musu. Amma duk sanda wani ya miƙo takarda sai kewa ta kama ni. Na daɗe kafin in gane cewa faɗuwata a jarrabawa ce za ta bar wa Iya abokin hira, ta kuma san haka tun ranar da ta ce in sake faɗin kalmar nan. Bayan rasuwarta wata maƙwabciya ta gaya mini cewa shekaru uku da na yi a Magariya, ba yammacin da Iya ba ta hura wuta ba. Ta kan katanga sukan jiyo ta tana tatsuniya, tana tsayawa daidai inda ake amsawa, sannan ta ci gaba.