Albasar Ɗan Baba a Ɗaki na Uku

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya ƙaramin asibitin nan na gefen Madarumfa ya san Ɗan Baba mai gadi. Mutumin garin Gabi ne, ya sha ci-rani a Katsina har ƙafa ta gaji, sannan ya dawo ya kama gadi. Shekara goma sha tara ko allura ba ta ɓata a hannunsa ba, kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane haka. Yana da 'yar garka bakin tabki, inda yake noman albasa.

Bara aka aiko takarda daga sama cewa ma'aikata sun yi kaɗan, a rage gadaje, kamar yadda aka yi a sauran jihohi. Aka rufe ɗaki na uku da gadajensa shida, aka miƙa wa Ɗan Baba mabuɗi.

To, albasa ba ta son ƙasa, iska take so ta ratsa ta sama da ƙasa. Shi kuwa gadon ƙarfe in an ɗauke katifa, ai sai ka ce don ita aka ƙera shi. Da bazara ta zo, malam ya lallaɓa ya baje amfaninsa bisa gado shida, ya ja ƙofa ya kulle. A ransa ya ce, wa na cuta?

Ana nan aka kawo Inna Fati da ciwon haƙarƙari. Ƙanwar mahaifiyarsa ce, ita ta goya shi bayan uwarsa ta rasu. Babu gado, sai aka shimfiɗa mata tabarma a baranda, simintin kuwa zafi kamar tanda.

Manjo Zakari, shugaban ma'aikatan jinya, ya kira shi gefe. "Ɗakin a rufe yake, amma gado ɗaya ba zai gagara ba. Kawo mabuɗi mu fito mata da shi."

Nan gogan ya yi abin da har gobe yake cin ransa. Maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya ce mabuɗi ya ɓata. Ya so ya kwashe albasar a ɓoye, amma barandar cike take da majinyata dare da rana, ƙofar kuma a idonsu. Kwana uku yana wuce tsohuwa tana numfashi da ƙyar, yana mata sannu kansa a ƙasa.

Ran na huɗu manjo ya gaji, ya sa aka fasa kwaɗon. Warin albasa ya bugi kowa. Ba wanda ya zage shi, da ma an zage shin da ya fi masa sauƙi. Manjo dai ya dube shi, ya ce, "Kwashe."

Ya kwashe albasar gado guda a gaban jama'a, ya fito da shi baranda, ya wanke, ya ɗora katifa, ya ɗauki Inna da hannunsa ya kwantar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Kunya ta hana shi ɗaga ido, ya durƙusa ya ce, "Inna, ki gafarta mini."

Ta juya kai ta dubi tulin albasar da ya zube a rana.

"Ɗan Baba, kar ka bar ta nan, za ta lalace maka," ta ce a hankali. "Mayar da ita bisa gadon. Ni ai na riga na saba da ƙasa."