Baturiya Tsakanin Kabari Biyu

Tana tsaye a maƙabartar sojojin Turawa kusa da Madinat Nasr, a shekarar nan da baƙi suka ƙaurace wa Alƙahira. Tsohuwa ce, rana ta ƙona mata wuya, hannunta riƙe da takardu da kwalbar ƙasar garinsu. Mai gadi ya ce mini daga Sikotilan take, mahaifinta take nema, amma kowace takarda da yadda aka rubuta sunan gidansu. Kabari biyu ake zato. Ina jin ba ta taɓa ganinsa ba.

"Ma'alish, Madam," in ji mai gadin, yana ba ta haƙuri da Larabci.

Ta durƙusa da ƙyar, ta zuba rabin ƙasar a wannan kabarin, rabi a wancan. Ko ba komai, wani da ba mai nemansa ya samu baƙuwa yau.