Gwaggo Tasalla da Baƙuwa Mai Ido

Ku da kuka san Gwaggo Tasalla kun san ba ta fara magana sai ta leƙa bayan ƙyaure. Ko gaisuwa ka zo yi, sai ta tashi ta duba, ta ɗaga labule, ta kori kazar da ke tsakar ɗaki, sannan ta zauna ta ce, "To, ina jin ka." Na taɓa tambayarta laifin kazar. Ta ce kaza tana shiga gida bakwai kafin azahar, ita kuwa ba ta yarda da mai yawon gidaje ba, ko mai fiffike ne.

Ƙanwar babana ce, kuma ungozoma ce tun kafin a haife ni. Rabin unguwarmu a Gidan Rumji a hannunta suka faɗo. Matan Cadakori da na Sae Sabuwa kan hau amalanke ranar kasuwa su zo, wai sayen gishiri, alhali wurinta suka nufa. Abin da mace ba za ta iya faɗa wa uwarta ba, ta faɗa wa Gwaggo. Ita kuma kullum cikin fargaba take kada wata kalma ta fita ta ɗakinta. Takan ce, "Baki na da ƙyaure, kunne bai da."

To wannan matar ce ɗanta Isufu, da ke aiki a Abijan, ya aiko wa da na'urar nan mai jin magana. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin lambobin talho, shi ya sa ya ga gara abin da za ta kira da baki. Ƴar gwangwani ce kamar ta tumatir babba, da zoben wuta a kanta. Ya haɗo da akwatin rezo mai kamo intanet da ƙaramin panno mai jan hasken rana, saboda kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, kun san halinsa. Da yake ni ke koyarwa a lakol, ni aka ɗora wa haɗawa da bayani.

Na zaunar da ita na ce abin ba ya ɗaukar magana sai an kira sunansa. In an kira, wuta shuɗiya ta kama, alamar yana saurare ke nan. Tsanwa, ana kiran ki. In kuma aka danna maɓallin nan, wuta ta yi ja, an toshe masa kunne.

Sannan ta tambaye ni yadda yake jin an kira sunansa in da ma ba saurare yake ba. Na ce yana jiran sunan ne kawai, sauran maganar yana barin ta ta wuce. Ta ce ita ma haka take cewa in ta laɓe. Ta sake tambaya wa ke kunna wutar da ke shaida cewa ba ya ji. Na ce shi.

"Madam," ta ce, don haka take kirana in za ta yi mini ba'a, "ɓarawo ne mai gadi, kuma shi ke riƙe da fitila?"

 

Jan ma bai kwanta mata ba. Ta ce a gidan likita ja jini ne, a hanyar Maradi ja tsayawa ce, yaya za a ce a ɗakinta kaɗai ja ya zama aminci? Ta yarda dai a bar shi a jan, amma ta kife masa kwanon sha, ta ɗora dutsen niƙa ƙarami a kai. Ta ƙi kama sunansa na Nasara, ta sa masa Baƙuwa. In mata suka zo, sai ta ɗaga kwanon ta nuna musu jar wutar, kamar mai nuna wa baƙo cewa an ɗaure kare.

Wata safiya ta aiko a kira ni da gaggawa. Na tarar da ita tsaye nesa da tebur, ta ce idon Baƙuwa ya yi ruwan ɗorawa tun asuba, yana yi yana dainawa. Ta ga jarirai da yawa da irin wannan idon, ta san shawara in ta gan ta. Na ce saƙo ne Isufu ya bari, launinsa ke nan. Na kunna mata, muryarsa ta fito yana tambayar ko ta sha maganin ƙafarta. Ta saurara har ƙarshe, ta ce to da sauƙi, amma duk da haka a fitar da ita rana ta ɗan sha hantsi, ba a sani ba.

Mun yi dariyar wannan har mako. Abin da ya biyo baya bai ba mu dariya ba sai daga baya.

Ranar Juma'a Isufu ke kira, bayan an sauko masallaci. Ran nan Gwaggo ta ɗage kwano, ta danna maɓalli ta buɗe wa Baƙuwa kunne, tana jiran tsanwa. Sai ga Halisa, matar Mamman mai gyaran babur, ta shigo fuska a kumbure. Cikinta biyu sun zube a baya, unguwa duk ta sani, har ana yi mata kallon tausayi da ta tsana. Gwaggo ta leƙa bayan ƙyaure, ta kori kaza, ta manta da abin da ke kan tebur. Ta ce, "Halisa, zamna ki hwaɗa mini."

Ashe sunan na'urar da sunan Halisa kusan ɗaya suke a kunne. Halisa ta sunkuyar da kai ta ce wata biyu ke nan ba ta ga al'ada ba, ba ta faɗa wa kowa ba, ko Mamman, don ba za ta iya sake ganin fuskarsa in cikin ya zube ba. Tana rufe baki sai wata murya ta mace ta ce da Faransanci ba ta gane ba, a maimaita. Suka waiga, wuta shuɗiya tana zagaye.

Gwaggo ta fizge waya daga bango. Ta sa Baƙuwa cikin kwano, ta rufe da faifai, ta ɗauko a ka har gidana, igiyar tana jan ƙasa. Ba ta faɗa mini abin da aka ce ba, daga baya Halisa da kanta ta ba ni labari, ta kuma yarda in faɗa. Tambaya ɗaya Gwaggo ta yi mini, ina maganar ta tafi.

Na gaya mata gaskiya. Abin da na'urar ta ɗauka bayan ta ji sunanta yakan tafi wurin masu ita, kuma yana nan a jere cikin talhon wanda ya yi rajistarta. Wato Isufu. Ta zauna a ƙasa. Isufu da Mamman abokai ne tun suna yara, kusan kullum sai sun yi waya.

"Ni na haihe shi," ta ce. "Tun yana goye bakinsa bai riƙe ko nono ba."

Muka kira shi, bai ɗauka ba. Muka sake, a kashe. Ashe aiki ya kai shi wani gari da ba rezo. Kwana biyu Gwaggo ba ta ci abin kirki ba. Ta wuce ta gaban rumfar Mamman sau huɗu tana karanta fuskarsa, har ya tambaye ta ko babur take son saye.

Ran Lahadi da hantsi muka same shi ta bidiyo a talhona. Ta tambaye shi a hankali ko ya ji wani abu. Ya ce wane abu? Bai ma san akwai wurin da ake ajiye muryoyi ba. Dole ni na nuna masa inda zai shiga, Gwaggo tana hararata, tana cewa na nuna wa kura hanyar garke. Ta sa ya ari talhon abokin aikinsa, ya riƙe nasa a gabanmu muna gani. Ta kuma umarce shi ya yi ta salati da ƙarfi har ya gama gogewa, don ta tabbata kunnensa bai sami sarari ba. Haka ƙato mai ƴaƴa uku ya tsaya bakin titin Abijan yana salati yana latsa talho, masu wucewa suna kallonsa. Ya ce a gaban maganar ranar Juma'a an rubuta ba a gane maganar ba. Gwaggo ta ce Alhamdu lillahi da jahilcin Baƙuwa, Allah ya sa kada ta taɓa koyon Hausa.

Da muka kashe, ta ce ya goge nasa, na wurin masu ita fa? Na ce sun ce in an goge, ya gogu. Ta maimaita, "Sun ce."

Da la'asar ta tafi gidan Halisa da ƙafarta mai ciwo, ta faɗa mata duk yadda aka yi, ta nemi gafara, tsohuwa a gaban yarinyar da ita ta yanke wa cibiya. Halisa ta ce tunda har gwangwani ya ji, gara mijinta ya ji daga bakinta. Ta faɗa masa. Mamman ya ce ai ya sani tun ranar da ta hana a sa daddawa a miya, yana tsoron ya yi magana ne kada ya tayar mata da hankali. Cikin ya zauna. Gwaggo ce ta raka ta gidan likita, ta riƙe mata hannu har aka haifi ƴa mace.

Daga nan Baƙuwa ta koma cikin rumbu da zama, a cire daga kuran. Ranar Juma'a kaɗai ake fito da ita, a gama waya a mayar. Isufu ya yi ta cewa ba haka ake amfani da ita ba. Ta ce shi ya san na'ura, ita ta san amana.

Bara da damina ta rasu, bayan jinyar kwana tara. Ranar addu'ar uku mata suka cika gidan har waje, wasu ban taɓa ganinsu ba. Ɗaya bayan ɗaya suke kama hannuna, su matso kusa da kunnena su tambaya ko ta taɓa faɗa mini wani abu a kansu. Na yi shekara talatin da wani abu ina zama a gefen tabarmarta, kuma ban da abin da zan ce musu sai a'a. Kowace ta ji haka sai ta saki hannuna ta fashe da kuka.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tasalla, ya haskaka kabarinta. Yadda ta rufa wa bayinsa asiri a duniya, Allah ya rufa mata nata ranar da babu mai rufawa sai shi. Amin.