Toshin Laka

Kunjappan laka yake sayarwa. A tsibirinmu da ke bayan tashar jiragen ruwa ta Kochi ba mai yi wa wannan sana'a dariya. Mai gonar kwakwa yana son laka, mai kududdufin jatan lande yana sonta don yaɓe bango. Tun yana saurayi yake nutso ya ɗebo ta da hannu, ya cika kwalekwale maƙil, ya tuƙo yana waƙa da muryar da ke korar hankaki. Ni ne mai shayin bakin gaɓa, a bencina yake shanya jikinsa kullum, kuma ban taɓa ganin bayan kunnensa babu laka ba.

Yana da wani wuri da yake ɓoyewa, ko da yake kowa ya san shi: can gefen da ake kankare manyan jirage a yi musu fenti. Lakar wurin baƙa ce wuluk, ga laushi kamar man shanu.

"Ku taɓa ku ji," in ji shi. "Ba ɓawo, ba tsutsa, ba dodon koɗi ko ɗaya. Tsaf take!"

Mu ma muka yaba. Ba wanda ya tambayi abin da ya kori tsutsar.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, sai ya ƙyalla ido kan Tankamma, wata bazawara da ba ta da komai sai kududdufinta, ga baki ya fi miyar kifinta yaji. Wasu zani suke kaiwa toshi, shi laka ya kai. Kafin damina ya yaɓe mata bangon kududdufin kaf da lakar ɓoyayyen wurinsa, ya ƙi karɓar ko rupi ɗaya. Ranar nan har shayi ya saya wa jama'a, abin da bai taɓa yi ba.

Da lokacin kamu ya zo, Tankamma ta jefa taru ta jawo shi fayau. 'Yan jatan landen da suka rage ko kyanwa ta raina su.

Ana cikin haka wasu malaman jami'a suka zo suna ɗiban laka a kwalabe daga ko'ina cikin tashar. Da suka dawo daga baya, a rumfata suka zauna. Babbarsu, wata mai tabarau, ta yi mana bayani: akwai wani fenti da a da ake shafa wa gindin jirage don kada halittun ruwa su manne, gubarsa ana ce mata butiltin. An daɗe da hana shi, amma ya riga ya kwanta a lakar inda ake kankare jiragen. Ta ce har matan dodon koɗi yakan sa su fara rikiɗa maza, haihuwa ta tsaya.

Rumfa ta ɓarke da dariya. Osef mai taru ya dafa Kunjappan. "Yaya, kai da kake kwana ka tashi a ciki, ka je a duba mana ko kai ma ka rikiɗe kafin bikinku da Tankamma!"

Kunjappan bai yi dariya ba. Ya dubi matar ya ce, "Ranki ya daɗe, jatan lande fa?"

Ta ce ƙananan ba sa jure ta. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na kasa juya shayi.

Da ƙafarsa ya je ya gaya wa Tankamma. Daga rumfata muna jin muryarta.

"Kai, Kunjappan! Maza suna kawo zobe, kai guba ka kawo min har gida? Da me zan ci bana, da waƙarka?"

Washegari ya shiga kududdufin da kwando ya fara kankare bangon da ya yaɓe. Ya kai lakar inda ma'aikatan tasha suka killace don irinta, sannan ya riƙa tuƙi har tafkin kudu yana kawo wata. Ya daina waƙa, ya rame, masu wucewa suna yi masa tsiya: "Ango, an maido maka da toshi ne?" Tankamma kuwa ko kallonsa ba ta yi.

Ranar da ya gama, ya fito ya tsaya a bakin ƙofarta, laka har gira.

"Na gama," ya ce a hankali. "Ba zan ƙara damunki ba."

Ta leƙo da ludayi a hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ina za ka? Ka cinye min shekara guda, sannan ka tafi ka huta? Ai nan za ka zauna, inda zan riƙa tuna maka safe da yamma. Je ka yi wanka, ga shinkafa tana hucewa. Lahadi mu je coci wurin Fada ya sa mana ranar aure."