Ranar da Baba Ya Ce Albarka

Jiya da safe a bakin ruwa a Yelwa, ina tsaye Baba ya sauke kwandon karfasa gaban Alhaji Garba, dillalin kifi.

Alhaji ne ya ranta mana kuɗin karatuna na jami'a. Sharaɗin kuwa, kowane masunci ya san shi: muddin da sauran bashi, shi za ka kai wa duk abin da ka kamo, kuma shi ke yanka farashi. Shekara tara Baba bai yi ciniki ba. Ni kuma tun da na fara koyarwa nake rage bashin daga albashina, har maganar aure na jingine. Ranar Juma'a na kai cikon ƙarshe.

Na ɗauka Baba zai sauya dillali. Sai ga shi wurin Alhaji.

Alhaji ya duba kifin, ya faɗi kuɗi kamar kullum.

Baba ya ce, "Albarka."

Alhaji ya ɗago kai. "Malam Audu, ni kake ce wa albarka?"

"Kai fa, Alhaji. Shekara tara ina ajiye da ita. Ƙara dai."

Alhaji ya yi dariya, ya ƙara. Sai a tayi na uku Baba ya sallama.

A hanyar gida ya ce mini, "Ba zan guji wanda ya kai ka jami'a ba. Bakina kawai nake so a maido mini."

Da ina tsammanin ni kaɗai bashin nan ya ɗaure. Ku da kuka yi karatu da rance, wa ya biya tare da ku ba ku lura ba?