Lauyar da Ta Tsaya wa Baba a Shari'ar Gona

Gonar mahaifina tana bayan gari, inda a da ba ka jin komai sai kukan shanun Fulanin da ke ratsawa zuwa rafi. Da ɗaliban jami'a suka cika Keffi, aka fara gina ɗakunan haya ta ko'ina, sai wani Alhaji daga unguwar Liman Abaji ya sayi gonar da ke maƙwabtaka da tamu. Wata safiya Baba ya je ya tarar an haƙa ramin tubali ta cikin layin mangwarorinsa, har da gefen rafin. Aka je gaban mai unguwa, ba a daidaita ba. Alhajin ya riga mu zuwa kotu.

Ni ne na samo lauya, domin ni ne malamin makaranta a gidanmu, ana ganin na san mutane. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wata 'yar cocinsu, mace ce 'yar ƙabilar Mada, gajera, mai saurin magana. Hausarta tana da kyau, sai dai takan ce wa namiji "ke" idan ta yi sauri. Ranar da na kawo ta gidanmu a Gangaren Tudu, ta durƙusa ta gaishe da Baba, ta zauna ta saurare shi har ya gama. Bayan ta tafi, Baffa, ƙanen mahaifina, ya taɓe baki.

"Wannan ce za ta kara da lauyan Alhaji? An ce daga Abuja ya ɗauko nasa."

Baba ya ce, "Bari dai mu gani."

Muka yi ta gani kuwa. A je kotu, a ɗage. A koma, a ce alƙali ya tafi taro. Damina ta zo ta wuce, Baba bai taɓa gefen da ake rigima a kai ba, ciyawa ta cinye wurin.

Wata rana bayan an ɗage zaman, na shiga wani gidan abinci kusa da kotun. Ina ɗaga labule sai na hango ta a lungu, ta rataye baƙar rigarta a bayan kujera, tana cin sakwara da lauyan Alhaji. Mutumin da ɗazu ya tsaya gaban alƙali yana nuna mahaifina da yatsa, shi ne yake tura mata nama cikin kwanonta, ita kuwa tana dariya har da riƙe ciki. Na saki labulen na juya. Yunwar ma ta tafi. Ina tsaye a bakin titi na ga sun fito, ya buɗe mata mota, suka wuce tare.

Na so in riƙe abin a cikina, amma ban iya ba. Na gaya wa Baffa, shi kuwa kamar jira yake.

"Ai na faɗa! An sayar da mu. Kura da kura ba sa cin juna, akuyar ce ke shan wahala."

Daga nan komai ta yi sai na sa masa ido. Idan ta yi shiru a kotu, in ce ga shi nan. Idan ta tashi ta yi magana da zafi, in ce wasan kwaikwayo ne. Ko wayarta ta yi ƙara ta fita waje, sai in ji zuciyata tana raya mini cewa lauyan Alhaji ne.

Baffa ya ce tunda haka ne mu taimaki kanmu. Ya nemo wasu dattawa biyu da suka yarda su rantse cewa da idonsu suka ga kakanmu yana dasa mangwarorin. Ɗaya daga cikinsu kuwa ko Keffi bai zo ba sai bayan rasuwar kakan. Muka kai su ofishinta, wani ɗaki a saman shagon magani. Ta yi musu tambayoyi kaɗan cikin ladabi, ta sallame su, sannan ta juyo gare mu.

"Baffa, ba zan tsayar da su ba."

"Saboda me? Mu muka ɗauke ki ko Alhaji?"

"Ku kuka ɗauke ni. Amma na san ba su gani ba, kai ma ka sani. Ba zan kai wa alƙali abin da na san ƙarya ne ba. In kuna so ku nemi wani lauyan, ba zan hana ku ba."

Baffa ya tashi ya kaɗe riga ya fita. Ni na zauna, na ce mata kai tsaye na gan ta a gidan abinci. Na yi zaton za ta rikice. Ba ta ko ɗauke ido ba.

"Malam, a ofishinsa na koyi aiki. Shi ya fara kai ni gaban alƙali. Ina cin abinci da shi, kuma zan sake ci. Maganar Baba ba ta shiga kwanon ba."

Amsar ta yi kyau, kyan nata ma shi ya dame ni. Ai aikinta ke nan, iya magana. Na sauko daga benen ban sani ba ko an wanke mini zargin ne ko an shafa mini mai a baki.

Ba a daɗe ba ta zo gida da batun sulhu. Ta ce wa Baba a ganinta zai iya samun gefen rafin, domin Fulanin da ke shayar da shanu a wurin sun san shi da wurin tun suna yara, kuma a shirye suke su faɗa. Amma mangwarorin, ba ta da abin da za ta riƙe. Idan aka ci gaba, ana iya shekaru, kuma ana iya rasa duka. Gara a bar wa Alhaji mangwarorin, Baba ya riƙe gefen rafin. Baffa ya ce wannan shi ne cinikin da aka ƙulla a kan sakwara. Ni ma abin da ke raina ke nan, ko da yake ban furta ba.

Baba ya dube ta. Ya ce, "'Yata, tsakaninki da Allah, da gonar ubanki ce, haka za ki ce masa?"

Ta ce, "Haka zan ce masa, Baba."

Ya ce to a yi. Baffa ya yi wata guda bai taka gidanmu ba.

Ranar da mai awon fili ya zo kafa duwatsun iyaka, lauyan Abuja bai zo ba, Alhaji ne da yaransa. Ita ta zo a kan acaɓa, ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu, ta bi mai awon cikin laka. Da aka iso bakin rafi, wani yaron Alhaji ya matsar da turke ya shigo ta wajenmu kamar taku guda. Ta gani. Ta ɗaga murya har Fulanin da ke tsallake suka tsaya kallo, ta ce ba haka aka yi a gaban alƙali ba, kuma ba za ta bar wurin ba sai an mayar. Alhaji ya yi ta faɗa, ita ma ta yi ta yi, sai da aka mayar.

Ina gefe ina nazarin fuskarta, ina neman alamar da za ta nuna mini ko wannan ma shiri ne. Gumi kawai na gani, da laka har gwiwa. Baba ya sa aka yanko mata rake daga gefen da ba a yi rigima a kai ba, ta karɓa da hannu biyu. Na ɗauke ta a babur ɗina zuwa cikin gari, raken yana tsakaninmu, har na sauke ta a ƙofar shagon maganin. Ta ce in gaishe da Baffa. Na ce zai ji, amma ban kai saƙon ba, don na san abin da zai ce.